Zoom, Teams da Google Meet a Kwamfuta: Tambayoyi da Amsoshi Kan Girkawa da Gyara

Wannan shafi na masu shiga taron bidiyo ne ta kwamfuta, ta tebur ko laftof. Yawancin bayanin a kan Windows 10 da Windows 11 yake, sai abin da aka taɓo na Mac da Ubuntu inda ya kama. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke fitowa a allo, domin ka gane su da ka gan su. Shawara ɗaya tun daga farko: kada ka yi saurin goge manhaja ka sake saukewa. Yawancin matsalolin ba daga manhajar suke ba, daga izini ne, ko daga na'urar da aka zaɓa, ko daga intanet, kuma sake saukewa ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu, sai dai ya cinye maka data.

Dole ne sai na girka manhaja kafin in shiga taro?

A'a. Google Meet ma a cikin burauza take aiki, Chrome ko Edge ko Firefox, ba abin da za ka girka. Teams tana buɗewa a burauza idan ka zaɓi ci gaba a can bayan ka danna adireshin taron. Zoom ma tana da Join from your browser, sai dai ba kullum yake bayyana ba, ya danganta da saitin mai taron. Idan taro ɗaya za ka shiga a kwamfutar aro, burauza ta wadatar. Idan kuwa kai ne mai jagorantar taro, ko kana koyarwa duk mako, ko kana son naɗa a kwamfutarka, girka manhajar.

Daga ina zan sauke Zoom, kuma wane fayil zan ɗauka?

Daga zoom.us/download kaɗai, ko daga Microsoft Store. Ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka bi tallan da ke fitowa a saman sakamakon bincike, domin akwai shafukan bogi da ke raba fayil mai sunan Zoom alhali bairos ne a ciki. Haka fayil ɗin da wani ya kwafa maka a filashi: ko da mai tsabta ne, sau da yawa ya tsufa, kuma Zoom tana tilasta sabuntawa lokaci zuwa lokaci, tsohuwar siga ba za ta bar ka ka shiga taro ba sai ka sabunta.

Tun 2024 sunan manhajar ya koma Zoom Workplace, ita ce za ka sauke. Akwai iri fiye da ɗaya, kamar ta 64-bit da ta ARM. Don ka san wadda ta dace da kai, shiga Settings, sai System, sai About, ka duba layin System type. Idan ka ga x64, ɗauki 64-bit. Danna fayil ɗin sau biyu, ka bar shi ya gama. Fayil ɗin da ya ƙare da .exe yana girka kansa a cikin asusunka ne, don haka galibi ba ya neman kalmar sirrin mai kula da kwamfutar. Wanda ya ƙare da .msi na ma'aikatu ne, shi yana nema.

Da ka gama, je zoom.us/test. Taron gwaji ne da ba kowa a ciki sai kai, zai gwada kyamara da lasifika da makirufo ɗaya bayan ɗaya. Yi wannan gwajin tun da rana, ba saura minti biyar a fara ganawar neman aiki ba.

Girkawar ta tsaya ta nuna lamba. Me lambobin suke nufi?

Lamba 3000 tana nufin akwai tsohuwar Zoom da ke gudana a ɓoye, ta hana a rubuta sabbin fayiloli a kan nata. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka rufe duk abin da ke ɗauke da sunan Zoom, ka sake gwadawa. Lamba 10002 da 10006 sun fi zuwa idan manhajar kariya daga bairos ta kama fayilolin girkawa ta killace su, ko kuma, musamman a 10006, idan faifan C ya cika. Duba sararin da ya rage, ka duba wurin killacewa na manhajar kariyar, sannan ka sake sauke cikakken fayil ɗin daga shafin. Lamba 13003 tana nuna asusunka ba shi da izinin girkawa, abin da aka fi gani a kwamfutocin ofis da na makaranta. A nan sai ka nemi mai kula da su.

Akwai kuma wanda ba lamba zai gani ba, Windows ce za ta ce ba ta karɓar manhaja sai daga Store. Wannan kwamfutar tana cikin S mode ne. Ba sai ka fita daga ciki ba, shiga taron ta burauza. Fita daga S mode kyauta ne, amma ba a komawa.

Idan duk wannan bai yi ba, a nan ne gogewa take da amfani. Zoom tana da ƙaramar manhaja mai suna CleanZoom a shafinta na taimako, wadda ke share duk ragowar da gogewa ta yau da kullum take bari. Gudanar da ita, ka kashe kwamfutar ka kunna, ka girka daga farko.

Teams ta ƙi girkuwa, ko ta buɗe allon ya tsaya fari fat.

Fara duba Windows ɗinka. Danna maɓallin Windows da R, rubuta winver, ka danna Enter. Sabuwar Teams tana buƙatar Windows 10 mai lambar gini 19041 zuwa sama, ko Windows 11. Tsohuwar Teams an rufe ta a watan Yulin 2025, don haka neman tsohon fayil ɗinta ɓata lokaci ne. Haka Skype, an rufe ta ranar 5 ga Mayun 2025.

Farin allo kuwa yakan zo daga lalacewar ma'ajiyar wucin gadi. Shiga Settings, Apps, ka nemo Microsoft Teams, ka buɗe Advanced options, ka fara da Repair. In bai yi ba, danna Reset. Saƙonninka ba za su ɓace ba, a sabar Microsoft suke, sai dai za ka sake shigar da kalmar sirri. Teams ta dogara da wani ɓangare mai suna WebView2, kuma ana yawan cire shi a irin Windows ɗin da masu gyara suke ragewa don ta yi sauƙi. Idan babu shi a jerin manhajojinka, sauke shi daga shafin Microsoft.

Windows 10 ita ma Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Manhajojin taro ba su daina aiki a kanta a ranar ba, amma mai shirin sayen laftof na hannu ya tabbatar zai ɗauki Windows 11 kafin ya biya.

Kyamarata ba ta nuna komai sai baƙi.

Bi wannan tsarin, kada ka tsallake, domin kowane mataki yana rage inda za ka nemi laifin.

Da farko dubi kyamarar da idonka. Laftof da yawa, musamman na Lenovo da HP na 'yan shekarun nan, suna da ɗan murfi mai zamewa a saman allo, idan a rufe yake za ka ga ɗigon ja ko farin zane a kan gilashin. Wasu kuma maɓalli ne a jerin F mai hoton kyamara, ko ɗan makunni a gefe. A Lenovo akwai wani saitin sirri a cikin manhajar Lenovo Vantage da ke toshe hoton ko da murfin a buɗe yake.

Na biyu, rufe Zoom ka buɗe manhajar Camera ta Windows. Idan ka ga fuskarka a nan, kyamara lafiyarta lau, matsalar izini ce ko zaɓi. Idan ta nuna 0xA00F4244, Windows ba ta ganin kyamarar kwata-kwata. Idan 0xA00F4243 ta nuna, wata manhaja ce ta riƙe ta. Sau da yawa Teams ce da ke kunna kanta da an tayar da kwamfuta, ko wani shafin Meet da aka manta a buɗe a burauza.

Na uku, izini. A Windows 11 shiga Settings, Privacy & security, Camera. A Windows 10 kuwa Settings, Privacy, Camera. Makunnai ne sama da ɗaya a wurin, kuma wanda aka fi mantawa shi ne na can ƙasa, mai ba manhajojin tebur damar amfani da kyamara, Let desktop apps access your camera. Zoom da ka sauke daga shafinta a ƙarƙashinsa take. A burauza kuma akwai izini na daban: danna alamar da ke hagun adireshin shafin, ka ba kyamara da makirufo dama, ka sake loda shafin.

Na huɗu, a cikin manhajar taron shiga saitin bidiyo ka ga wace kyamara aka zaɓa. Idan ka taɓa girka OBS, manhajar naɗa da watsa bidiyo, ko manhajar mayar da waya kyamara, suna barin kyamarar ƙarya a jerin, kuma Zoom takan maƙale mata.

Sai na ƙarshe, direba, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa kyamarar da ita. Danna Windows da R, rubuta devmgmt.msc, ka duba ƙarƙashin Cameras. Alamar rawaya tana nufin direban ya samu matsala: danna dama, Uninstall device, ka sake tayar da kwamfutar, Windows za ta mayar da shi. Idan babu kyamarar a jerin gaba ɗaya, wataƙila an kashe ta a BIOS, saitin tushe da ake shiga kafin Windows ta tashi, abin da ake samu a laftof ɗin da suka fito daga kamfanonin waje, ko kuma siririyar wayar da ta bi ta mahaɗin allon da jikin laftof ta tsinke. Wannan na biyun aikin mai gyara ne, kuma sau da yawa sayen kyamarar USB ya fi sauƙi.

Ina ganinsu amma ba sa jina, ko ni ba na jinsu.

Dubi kusurwar hagu ta ƙasa a Zoom. Idan hoton hedfon ne da rubutun Join Audio, to ba ka shiga sautin taron ba tukuna. Danna shi ka zaɓi Join with Computer Audio. Wannan kaɗai ya isa ya warware ƙorafi masu yawan gaske. Idan hoton makirufo ne da jan layi, a rufe kake, Alt da A za su buɗe ka. A Teams, Ctrl da Shift da M ne. A Meet, Ctrl da D.

In ba wannan ba, danna ƙaramar kibiyar da ke gefen makirufon ka ga abin da aka zaɓa. Da zarar ka haɗa majigi ko talabijin ta HDMI, Windows takan karkatar da sauti can, ko da majigin ba shi da lasifika. Mayar da shi kan Speakers.

Masu kwamfutar tebur su lura da abu biyu. Galibinsu ba su da makirufo a jiki. Sannan ramukan sautinsu biyu ne, kore na lasifika, mai ruwan hoda na makirufo. Iyafis ɗin waya kai ɗaya gare shi mai zobe uku, idan ka soka shi a koren rami za ka ji amma ba za a ji ka ba. Maganinsa ɗan abin rabawa mai kai biyu, ko hedfon na USB.

Don ka tabbatar makirufon yana aiki, shiga Settings, System, Sound, ka yi magana ka ga ko layin da ke ƙarƙashin Input yana motsi. Idan ba ya motsi, duba izinin Microphone a wuri ɗaya da na kyamara.

Me ke kawo amsa-kuwwa da ƙara mai huda kunne?

Na'ura biyu a ɗaki ɗaya, duka a cikin sautin taro. Lasifikar wannan tana shiga makirufon waccan, abin ya yi ta zagayawa. Rufe makirufo kaɗai ba ya isa, sai ɗaya ta fita daga sautin baki ɗaya ta Leave Computer Audio. Kuma wanda yake jin muryarsa tana dawo masa, ba daga wurinsa matsalar take ba, daga wurin wani ne da ya ƙure lasifikarsa. Mai taro ya rufe kowa, ya riƙa buɗe su ɗaya-ɗaya har ya gano shi, ya roƙe shi ya sa iyafis.

Ƙarar janareta da fanka kuwa, saitin sauti na Zoom yana da matakan rage hayaniyar bayan fage. Ɗaga shi zuwa High. Amma idan karatu ake yi mai ja da ƙira'a, ko waƙa, babban mataki yakan yanke ƙarshen sauti, sai a sauke shi ko a kunna Original sound.

Hedfon ɗina na Bluetooth yana da daɗin sauti, amma da an fara taro sai ya dushe.

Haka Bluetooth yake. Da an buɗe makirufonsa sai ya sauka zuwa yanayin kiran waya, wanda sautinsa bai kai na sauraro ba. Idan abin ya dame ka, bar hedfon ɗin a matsayin lasifika, ka zaɓi makirufon laftof. Hedfon mai waya ya fi kwanciyar hankali a taro mai muhimmanci, ba batir da zai mutu, ba kuma ya rikici da Wi-Fi mai 2.4 GHz, wanda zango ɗaya suke da Bluetooth.

Hoto yana daskarewa, murya tana yankewa, alhali sabis a cike yake.

Sandunan sabis ƙarfin sigina suke nunawa, ba ingancin hanyar ba. Taron bidiyo bai damu da gudu mai yawa ba kamar yadda ya damu da daidaito. Zoom da kanta ta ce taron mutane da yawa yana buƙatar kimanin 1.0 Mbps na turawa da 600 kbps na karɓa a hoto na yau da kullum, 2.6 da 1.8 Mbps a 720p, murya kaɗai kuwa 60 zuwa 80 kbps. Wannan ba yawa ba ne. Abin da ke ɓata taro shi ne jinkiri da zubewar bayanai a hanya.

Kana cikin taro, buɗe Settings na Zoom, sai Statistics, ka duba shafin Audio da na Video. Latency, wato jinkiri, kada ya wuce 150 ms, Jitter, wato rashin daidaiton jinkirin, kada ya wuce 40 ms, Packet loss, wato zubewar bayanai, kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Idan lambobin nan sun haura, intanet ne. Idan suna daidai amma hoton yana tsayawa, koma shafin Overall ka dubi CPU, kwamfutar ce ta gaji.

Idan intanet ne, haɗa waya da laftof ta kebul ka kunna USB tethering maimakon hotspot, ka ajiye wayar ko MiFi kusa da taga. Ka cire sauran na'urorin gida daga layin. Ka dakatar da sabuntawar Windows da OneDrive, domin su ne ke cika hanyar a ɓoye. Kashe VPN. In har yanzu ana yankewa, kashe kyamararka da Alt da V. Gara a ji ka sarai da a ga fuskarka a daskare.

Data nawa taro yake ci, kuma ta yaya zan rage?

Lissafin mai sauƙi ne: 1 Mbps na tsawon awa ɗaya daidai yake da 450 MB, kuma kamfanin layi yana ƙirga turawa da karɓa duka. Don haka taro a hoto na yau da kullum zai iya kai wa 700 MB a awa, a 720p ya kusa 2 GB, murya kaɗai kuwa ba ta kai 100 MB ba.

Cire alamar HD a saitin bidiyo na Zoom. Yi amfani da Speaker view maimakon Gallery, domin kowace fuska da ke allo data ce. Zoom da Teams duka suna da zaɓin tsayar da bidiyon da ke shigowa. A Meet shiga Settings, Video, ka sa turawa da karɓa a 360p, ko ka zaɓi Audio only a karɓa. Sannan a Windows shiga bayanan layin da kake kai ka kunna Metered connection, don ta san datar saye ce ta rage sauke abubuwa. Idan ta kebul ka haɗa waya, a ƙarƙashin Ethernet za ka same shi.

Intanet yana aiki amma Zoom ta ce 5003, ko wata lamba mai farawa da 1041.

Manhajar ta kasa isa sabar Zoom. Kafin komai dubi agogon kwamfutar. A tsofaffin kwamfutoci ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci, irin CR2032 mai faɗin kwabo, yana mutuwa, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka ɗauke wuta. Da kwanan wata ya kauce, takardun shaidar tsaro ba sa karɓuwa, haɗin sai ya ƙi. Shiga Settings, Time & language, Date & time, ka danna Sync now, ka kuma canja batirin. A nan ne za ka gyara yankin lokaci ma: Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna UTC+1, Ghana tana UTC daidai. Laftof ɗin da aka bari a lokacin Amurka zai riƙa nuna maka lokacin taro ba daidai ba.

Idan agogo daidai yake, gwada wani layin. In ta haɗu a hotspot ta ƙi a layin ofis, katangar tsaron ofis ce ta tare. Mai kula da ita ya buɗe TCP 443, 8801 da 8802, da UDP 3478, 3479 da 8801 zuwa 8810.

Laftof yana zafi, fanka tana kuka, komai ya yi nauyi.

Kashe hoton bayan fage da dusasar da baya, su ne suka fi cin ƙarfin na'ura. Rufe shafukan burauza da ba ka buƙata. Sa caja, domin yanayin tanadin batir yana rage gudun kwamfuta da gangan. Ɗora laftof a kan tebur ko tire, ba a kan katifa ko darduma ba, ramukan iskarsa a ƙasa suke. Bayan hunturu a kai shi a busa ƙurar da ta toshe fankar. Kwamfuta mai RAM 4 GB za ta yi taro, amma ba tare da Teams da Zoom da Chrome duka a buɗe ba.

Na nuna allona, bidiyon yana tafiya amma ba sa jin sautinsa. A Mac da Ubuntu kuma allon ma baƙi yake fita.

Sautin kwamfuta ba ya bin allo sai ka ce ya bi. A Zoom sa alama a Share sound kafin ka danna Share. A Teams akwai makunnin haɗa sauti a wurin zaɓen allo. A Meet zaɓi nuna shafin burauza guda, nan ne zaɓin sauti ya fi tabbata.

A Mac izini ne: System Settings, Privacy & Security, ka ba manhajar damar naɗar allo, sannan ka rufe ta gaba ɗaya ka sake buɗewa, in ba haka ba izinin ba zai kama ba. A Ubuntu ana girka Zoom da umarnin sudo apt install ./zoom_amd64.deb daga cikin foldar da fayil ɗin yake, kuma baƙin allo yakan zo daga Wayland, tsarin da Ubuntu ke nuna hoto a allo da shi. Sabunta Zoom tukuna. In bai yi ba, kuma sigarka tana da zaɓin, fita daga asusunka, danna alamar saiti mai kama da zobe mai haƙora a shafin shiga, ka zaɓi Ubuntu on Xorg. Teams ba ta da manhajar Linux tun ƙarshen 2022, a Edge ko Chrome ake buɗe ta.

Na naɗi taro amma ban ga bidiyon ba.

Duba Documents, sai foldar Zoom, kowane taro da foldarsa mai kwanan wata. Zoom ba ta fitar da MP4 sai taro ya ƙare, sannan ta ɗauki lokaci tana juyawa. Idan ka rufe laftof a lokacin, za ka tarar da fayil mai suna double_click_to_convert. Danna shi sau biyu ka bar shi ya gama, kuma kada ka canja masa suna kafin nan. Idan wuta ta ɗauke wa kwamfutar tebur ana tsakiyar naɗa, fayil ɗin yana iya lalacewa har ya ƙi juyuwa, shi ya sa naɗa a laftof mai batir ko a kan UPS ya fi aminci. Mahalarci ba ya iya naɗa sai mai taro ya ba shi izini, kuma ya kamata a sanar da jama'a kafin a fara.

Taronmu yana yankewa bayan minti 40. Matsala ce?

Ba matsala ba ce, iyakar asusun kyauta ne na Zoom: minti 40, mutum 100. Asusun mai taro ake dubawa, ba na mahalarta ba, don haka idan shi ya biya, kowa ya huta. Meet na kyauta yana ba da minti 60 ga mutum uku zuwa sama, Teams na kyauta ma minti 60. Idan darasi ne na awa ɗaya da rabi kuma ba kuɗin biya, tsara shi kashi biyu tun farko, ka tura adireshin kashi na biyu tare da na farko, ka sa agogo ya tuna maka saura minti biyar don a tsaya a kan gaɓa.